Man Injin Tarakta: Minaral Ko Santetik, Wanne Ya Dace Da Ƙasar Sae Sabuwa?

Idan watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, babu abin da ke cikin zuciyar manomin jihar Maradi sai shuka. Daga Gidan Runji zuwa Tibiri, daga Sae Sabuwa zuwa Caduwa, Agye da Gazawa, kowa yana gyaran gona, yana duba iri, yana neman taki. A wannan lokaci ne ƙungiyoyin manoma da masu taraktar haya suke jawo taraktocinsu daga inuwa, su kakkaɓe musu ƙurar rani. A nan ne kuma gardama takan tashi tsakanin direba da ma'ajin ƙungiya. Direba ya ce a sayo man inji mai tsada da ake kira santetik, domin shi ne na zamani. Ma'aji ya ce a tsaya ga minaral da aka saba, domin asusu ba ya da nauyi. Kowanne yana da hujjarsa, kuma kowanne yana son alherin ƙungiya.

Wannan gardama ba ƙarama ba ce. Damana a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ake samu kuwa sau da yawa tsakanin milimita 400 ne zuwa 600. Kwanakin huɗa da shuka ƙidayayyu ne. Taraktar da injinta ya ƙone a makon farko na ruwa ba ta sake shiga gona sai bayan an kai ta Maradi, an nemo kayan gyara, an jira makanike. Kafin nan laima ta wuce, gonakin gujiya da na aya sun rasa lokacinsu, bashin da aka ci don sayen tarakta kuwa yana nan yana jiran biya. Saboda haka ya kamata duk wanda ke da hannu cikin wannan sha'ani ya san abin da yake zubawa cikin inji, da dalilin zuba shi.

Daga garmar shanu zuwa tarakta

Dattawan yankin ba su manta da zamanin gujiya ba, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake sayen amfanin gona a kasuwannin karkara. Fari na 1973 da 1974, da cutar kuturtar gujiya ta 1975, suka karya wannan ciniki. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe babban aikin raya karkara na jihar Maradi da taimakon Bankin Duniya, aka horar da manoma kan garmar shanu, da amalanke, da takin zamani, da ingantaccen iri. Shanun huɗa har yanzu su ne ginshiƙin noma a ƙasar jigawa. Tarakta ta zo daga baya, ta hannun hukuma, da ƙungiyoyi, da ƴan kasuwa masu bayar da haya. Tana huɗa, tana ɗaukar taki zuwa gona, tana kwaso dammunan hatsi, tana juya injin sussuka.

Amma kiwon tarakta ya bambanta da kiwon sa. Sa idan ya gaji yakan tsaya, idan ba shi da lafiya mai shi yakan gani a idonsa. Inji kuwa yana iya cin kansa daga ciki wata da watanni ba wanda ya sani, sai ranar da ya tsaya cik. Abin da ke tsakaninsa da wannan rana shi ne mai.

Aikin mai cikin inji

Ayyuka biyar mai yake yi. Na farko, yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya hana su cin juna. Kaurin man da ke raba su bai kai kaurin gashin kai ba, amma da shi inji yake rayuwa. Na biyu, yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan radiyata ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistan. Na uku, yana wanke ciki, ya riƙe baƙin hayaƙi da datti har ya kai su filtir. Na huɗu, yana toshe ƴar kafar da ke tsakanin zobban fistan da bangon silinda, don kada ƙarfin inji ya zurare. Na biyar, yana hana tsatsa, yana kashe kaifin tsamin da ƙonewar gazuwal ke haifarwa.

Domin waɗannan ayyuka, ba mai zalla ake zubawa cikin bido ba. Ana gauraya shi da magunguna na musamman, waɗanda sukan kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ciki. Waɗannan magunguna suna ƙarewa da aiki, kamar yadda sabulu ke ƙarewa da wanki. Shi ya sa ake juye mai ko da a ido yana da sauran kauri. A lura kuma: man injin gazuwal yakan yi baƙi cikin ƴan awoyi kaɗan bayan juye. Wannan ba aibi ba ne, alama ce ta cewa yana riƙe hayaƙi kamar yadda aka nufa. Ba a auna lafiyar mai da launinsa.

Mene ne minaral, mene ne santetik?

Minaral shi ne man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Ana dafa ɗanyen mai a matata, a ware kowane kashi, a tsabtace wanda ya dace da inji. Da yake daga ƙasa ya fito, ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba, kamar hatsin da aka sheƙe amma ba a tankaɗe ba. Idan zafi ya yi tsanani, ƙananan sukan ƙone su bi hayaƙi, sauran su yi kauri. Idan sanyi ya yi tsanani, yakan daskare.

Santetik kuwa haɗa shi ake yi a masana'anta, ko kuma a tsananta tace shi har ƙwayoyinsa su zama kusan iri ɗaya. Masana a Jamus sun yi aiki a kansa tun shekarun 1930, aka yi amfani da shi cikin jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya shiga kasuwar motoci a farkon shekarun 1970: kamfanin Motul na Faransa ya fitar da nasa a 1971, kamfanin Mobil na Amurka ya fitar da Mobil 1 a 1974. Fifikonsa a fili yake. Yana gudana da sauri cikin sanyi mai tsanani, yana jure zafi ba tare da saurin lalacewa ba, kuma ba ya barin dauɗa mai yawa. Akwai kuma na tsakiya, wanda aka gauraya biyun, ana rubuta masa semi-synthétique a jikin bido.

Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana fitar da isansi, da gazuwal, da gas na girki. Man inji kuwa daga waje ake shigo da mafi yawansa, wani ta bakin teku, wani ta iyakar Najeriya. Wannan ya sa santetik yake da tsada ƙwarai a kasuwannin karkara, ya kuma buɗe ƙofa ga masu sayar da jabu.

Karatun jikin bido

Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da makami a hannunsa, domin duk abin da ake bukatar sani yana rubuce a jikin bido. Rubutu biyu ne suka fi muhimmanci, kuma sun fi kalmar minaral ko santetik nauyi.

Na farko shi ne awon kauri, wanda ke zuwa bayan haruffan SAE, misali 15W-40. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. Ana gwada 15W a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifiri. Lamba ta biyu, wato 40, tana nuna kaurinsa idan ya yi zafi, a digiri 100. Ga mafi yawan taraktocin da ke aiki a wannan yanki, 15W-40 shi ne abin da masu ƙera su suka rubuta. Wasu tsofaffin injuna an rubuta musu SAE 40 zalla ko 20W-50.

Na biyu shi ne darajar aiki, wadda ke zuwa bayan haruffan API. Idan ta fara da harafin S, man na injin isansi ne. Idan ta fara da C, na injin gazuwal ne. Harafi na biyu yana nuna zamani: CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a 2016. Wasu bidoji na Turai suna ɗauke da haruffan ACEA, na manyan injunan gazuwal kuwa yana farawa da E, misali E7. Man da aka rubuta masa S kaɗai, ko da santetik ne mafi tsada a shago, ba na tarakta ba ne, domin ba ya da isassun magungunan riƙe hayaƙi da kashe tsami. Kuskure ne da ake yawan yi, mutum ya ga man ya yi wa ƙaramar motar wani kyau, ya ce shi zai zuba wa tarakta.

Abin da ƙasar ke faɗi

Masu tallar santetik sukan kafa hujja da abu uku: sanyi, zafi da daɗewa. Sai a auna kowanne da halin wannan ƙasa.

Maganar sanyi ba ta shafi Sae Sabuwa ba. Ko a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba bai kusanci wanda zai daskarar da 15W-40 ba. Wanda ya biya kuɗi don man da ke gudana cikin ƙanƙara ya sayi maganin cutar da ba ya da ita.

Maganar zafi tana da gaskiya a cikinta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, tarakta kuma tana jan garma a hankali, inji na ruri, iska ba ta ratsa shi kamar motar da ke gudu bisa kwalta. A irin wannan aiki santetik ya fi juriya, musamman ga injin da ke da turbo, wato na'urar da ke cusa iska, wadda ke juyawa da tsananin sauri da zafi. Sai dai minaral mai kyau, mai darajar CH-4 ko CI-4, an yi shi ne domin irin wannan wahala, kuma yana ɗaukarta muddin radiyata na da tsabta, ruwa bai yi ƙasa ba.

Maganar daɗewa ita ce wurin da mutane suka fi ruɗuwa. Gaskiya ne santetik yana daɗewa bai lalace ba. Amma a ƙasar jigawa ba tsufa ke fara kashe mai ba, datti ne. Ƙurar rairayi da garma ke tayarwa, da ta hunturu, idan ta sami kafa ta wuce filtir na iska, takan gauraya da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye zobban fistan da bangon silinda. Babu irin man da ke narkar da rairayi. Haka kuma gazuwal ɗin da ake saye a kwalabe da bidoji a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, yana iya zuwa da ruwa, da datti, da farar wuta mai yawa. Farar wuta idan ta ƙone takan zama tsami mai cin ƙarfe. Littattafan masu ƙera injuna da yawa sun ce idan farar wutar da ke cikin gazuwal ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a rage tazarar juye da rabi. Santetik da ya cika da ƙura da tsami ba shi da wani fifiko kan minaral da ya cika da su.

Lissafi a gaban ƙungiya

Tarakta ba a auna aikinta da kilomita, da awa ake aunawa, kuma akwai agogon ƙirga awoyi a gaban direba. Ga taraktoci da yawa ana juye mai bayan awa 250, wasu tsofaffi ƙasa da haka, wasu sababbi har 500. Awa 250 ba ta da yawa: taraktar da ke aikin awa 10 a rana ta cika ta cikin kwana 25.

Ga misali, kowa ya sa farashin kasuwarsa a madadin wannan. A ce inji yana cin lita 8, kamar yadda injunan Perkins masu silinda huɗu na cikin taraktocin Massey Ferguson da yawa suke cin kusan haka. A ce litar minaral jika 3 ce, ta santetik jika 6. Juye ɗaya da minaral jika 24 ke nan, da santetik jika 48. Idan tarakta ta yi awa 500 a shekara, aka yi juye biyu, minaral ya ci jika 48, santetik ya ci jika 96. Santetik ba zai mayar da kuɗinsa ba sai an ninka tazarar, an yi juye ɗaya tak cikin awa 500. To, ninka tazara cikin ƙurar jigawa, da gazuwal marar tabbas, ba tare da an gwada man a ɗakin bincike ba, caca ce da inji. Jika 48 da ke tsakani kuwa ta fi amfani idan aka sayi filtir na iska, da na mai, da na gazuwal da ita.

Babban haɗari shi ne ƙungiya ta sayi mai tsada, sa'an nan tausayin kuɗin da ta kashe ya hana ta juyewa a kan lokaci. Minaral mai kyau da aka juye a kan kari ya fi santetik da aka bari ya shekara.

Wane ne ya dace da wanne?

Tsohuwar tarakta marar turbo, wadda ta yi dubban awoyi, minaral 15W-40 mai darajar C ya ishe ta. Idan tana zubar da mai ko tana ƙona shi, zuba mata santetik asara ce. Wani lokaci ma yakan wanke dauɗar da ta toshe tsofaffin robobi, yoyon da ke ɓoye ya fito fili. Ba man ne ya fasa robar ba, da ma ta mutu.

Injin da aka sauke aka sa masa sababbin zobba yana son minaral a awoyinsa na farko, domin zobban su zauna daidai, kuma a yi juyen farko da wuri, bayan awa 50 zuwa 100, gwargwadon abin da littafinsa ya ce.

Sabuwar tarakta mai turbo, wadda ke aiki rani da damana, ita ce santetik ko na tsakiya zai iya yi wa amfani, idan ana samunsa a wurin amintaccen dillali. Idan kuwa tana cikin wa'adin lamunin kamfani, wajibi ne a bi abin da littafinta ya ce harafi da harafi, a kuma ajiye takardun saye. Wasu injunan zamani masu na'urar tace hayaƙi ba sa karɓar komai sai CJ-4 ko CK-4, tare da gazuwal mai ƙarancin farar wuta.

Idan mai ya yi ƙasa a cikin gona, babu irin wanda ke ciki a kusa, ana iya ƙarawa da ɗayan, muddin kaurinsu ɗaya kuma dukansu na injin gazuwal ne. Suna gaurayuwa ba tare da cutarwa ba. Barin inji da ƙarancin mai shi ne mugun abu. A kiyaye kuma: man giya da na ɗaga garma daban yake da na inji a taraktoci da yawa, musamman masu birki cikin mai. Kada a musanya su sai littafi ya yarda.

Hattara da jabu

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai masu tara tsohon mai, su tace shi da ƙyalle, su ɗura cikin bidon kamfani, su sayar. Tunda santetik ya fi tsada, ribar yin jabunsa ta fi yawa. Kada a sayi man da aka auna daga buɗaɗɗen mazubi. A duba murfi ko an taɓa buɗe shi, a duba rubutu ko ya fito sosai, a karɓi takardar saye. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na ko'ina, akwai dalili. Ƙungiyoyin ƙauyuka maƙwabta suna iya haɗa kuɗi su sayo gaba ɗaya daga babban dillali a Maradi tun kafin damana. Bidon da ya ƙare kuma a huda shi, ko a yanke bakinsa, don kada ya koma hannun masu cikawa.

Ƙa'idodi bakwai ga direba da kwamiti

1. Kowace safiya, kafin a tada inji, a duba sandar awon mai, tarakta na tsaye a wuri mai daidai.
2. A duba filtir na iska kullum a lokacin huɗa da sussuka. Idan na takarda ne kuma ya yage, a sake shi. Idan mai kwanon mai ne, a wanke kwanon a zuba sabon mai.
3. A juye mai inji na da ɗumi, a sake filtir na mai tare da shi.
4. Ko awoyi ba su cika ba, a juye sau ɗaya a shekara, kafin damana.
5. A goge bakin mazubi da mazurari kafin a zuba, a ajiye bido rufe a inuwa.
6. Injin turbo a bar shi ya yi minti biyu ko uku yana juyawa a hankali kafin a kashe shi.
7. A ajiye littafi cikin tarakta, a rubuta rana, da lambar agogo, da irin man da aka zuba. Sakataren ƙungiya ya duba shi kowane wata.

Idan mai ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga. Idan ya ƙaru a sandar awo yana warin gazuwal, gazuwal ke zuba ciki. Idan fitilar mai ta kama ana cikin aiki, a kashe inji nan take. A duka ukun, makanike ake nema, ba sabon bido ba.

Tsohon mai guba ne

Man da aka juye yana ɗauke da garin ƙarfe da dafin hayaƙi. Kada a zubar da shi a gona, ko kusa da rijiya, ko a hanyar ruwan da ke gangarawa gulbi. Kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa, ƙasar rairayi kuwa ba ta riƙe shi, sai ya nutse. Kada a shafa wa dabba a kan gyambo ko ƙazuwa, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a zuba ruwan sha ko man girki cikin bidonsa. A tara shi cikin mazubi mai murfi, a mayar wa gareji.

Tarakta dukiyar jama'a ce, ko ta ƙungiya ce ko ta mutum ɗaya, domin gonaki da yawa suna jiran ta. Malaman gona, da shugabannin ƙungiyoyi, da waɗanda suka iya karatu a kowane ƙauye, haƙƙinsu ne su zauna da direbobi, su karanta littafin tarakta da jikin bido tare, su yanke shawara tun hadari bai haɗu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba da damana mai albarka, ya cika rumbuna.